Rasuwar Shuɗiya, Mai Riƙon Hotuna Sittin da Uku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Nababa Mai Inji na Gidan Kanya, a ƙasar Ɗanbatta, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoman fadama na gabas da na yamma, da duk wanda ya taɓa ɗauko mataccen inji a bayan babur ya sauke a ƙofar gidana ya koma da shi yana ruri, cewa Shuɗiya ta riga mu gidan gaskiya.

Wanda bai san marigayiya ba, to filash ce, ɗan abin nan da ake cusa wa kwamfuta a haƙarƙari a zuba masa hotuna. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, jikinta shuɗi, da 'yar hularta a ka. Ta shigo gidana a cikin jakar 'yata Tahira, malamar gona a Kano, ta zauna da mu lafiya, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Ni nake faɗa, Tahira take rubutawa, don ni ban taɓa zaman aji ba, ban kuwa ga abin da masu zaman suka fi ni da shi ba sai laushin tafin hannu. Na gargaɗe ta kada ta ƙara, kada ta rage, in kuma dariya ta taso mata ta fita zaure ta yi ta dawo. Ta fita sau biyu tun ba mu je ko'ina ba.

Ya kamata jama'a su san wanda yake wannan makoki, don su gane girman rashin. Ni ne cutar agana ta kwantar da mu mu bakwai a unguwa ɗaya, ni kaɗai na tashi, ga zanenta nan a fuskata. Na ga farin da ya sa mutane haƙar gidan tururuwa suna neman hatsi, ban bar garinmu ba. Rijiya ta rufta da ni ina gaba tara a ƙasa, aka tono ni da la'asar ina tambayar ina abincina. Motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Dawakin Tofa, ni na jawo direban. Bel ɗin injin niƙa ya cire mini yatsa, na ɗaure wurin da tsumma na ƙarasa wa matar niƙanta, don masu biki suna jiran gari. A duk wannan ba mai cewa ya ga hawayena. Sai ga shi ina da shekara saba'in da takwas, abin da bai fi dabino ba ya hana ni cin tuwo kwana uku.

Ga amanar da marigayiya ta riƙe. Shekara arba'in da 'yan kai ina gyaran injin ban ruwa, duk ilimin yana cikin kaina da yatsu tara. Wata rana Tahira ta ce, “Baba, kai fa ba dawwama za ka yi ba. Bari mu yi littafi.” Na ce ni ban ga alamar tafiya ba tukuna, amma ta yi abin da ta ga dama. Rani biyu tana zuwa duk Asabar, ni ina kwance inji a kan buhu, ita tana tsaye a kaina da waya, tana ɗauka, tana rubuta abin da na faɗa. Hoto sittin da bakwai. Akwai wanda ke nuna yadda ake kafa sukudireba a jikin inji, a ɗora kunne a ƙotarta, a ji ciwon da ke ciki tun ba a buɗe ba. Akwai na yanka gaskit, shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu, daga kwalin sukari idan na kanti ya gagara. Akwai na zaunar da sil, robar nan mai hana yoyo, da ɗan sabulu, ba da guduma ba kamar yadda marasa tarbiyya suke yi. Masu digiri sun yi littattafai a kan inji, na ji labari, amma ban ji wanda ya yi da yatsu tara ba.

Halinta kuwa, duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaida. Ba ta taɓa neman fetur ba. Ba ta hayaƙi, ba ta zubar da baƙin mai, ba ta ƙin tashi da safe kamar wasu da na sani. Ta san sirrin sana'ata kaf, ba ta taɓa kai shi bakin rijiya ba. Maganarta a duniya guda biyu ce: in an cusa ta a kwamfuta ta ce “tulun”, in an zare ta ta ce “tulun”. Sallamar shiga da sallamar fita ke nan. A tsakani sai ɗan jan idonta da take ƙiftawa in tana aiki. Na zauna da mutane masu rawani da ba su kai ta ladabi ba.

Yanzu sai dalilin da ya sa aka ɗora mata wannan kaya ita kaɗai, kuma zan faɗe shi yadda yake. Akwai Lazarus, mutumin ƙasar Shanono, wanda ubansa ya kawo mini shi ko sifana bai iya riƙewa ba. Shekara goma sha ɗaya yana ci a akushina. Da ya ji hannunsa ya faɗa, sai ya koma garinsu ya buɗe wurinsa, har da allo an rubuta masa “ƙwararre”. Da aka karanta mini allon nan ban je buɗewar ba, kuma yau shekara ashirin ban amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da ka. Akwai dabaru uku huɗu da ban kai ga nuna masa ba, kuma duk suna cikin hotunan nan. Na san halin waya: ka ɗauki abu a nan da hantsi, kafin azahar yana Shanono.

Don haka na ce wa Tahira rubutun ya zauna a kwamfutarta, amma hotunan hannuna ba za su kwana a Kano ba, ba za su kwana a wayar kowa ba, a wurina za su zauna.

Ta ce, “Ana iya yi, Baba, amma ka saurare ni. Hoto iri biyu ne a littafin kwamfuta. Akwai wanda ake sakawa a cikin littafin ɗungurungum, duk inda littafin ya je da shi yake tafiya. Akwai kuma wanda yake zaune a wani wuri daban, littafin sunan gidansu kawai ya riƙe. In an buɗe shafin sai ya aika a kira shi, ya zo ya tsaya a gurbinsa. A ido duk ɗaya suke, ba ka bambance su.”

Na ce, “Wannan ai ba sai da boko ba. Ɗaya ta tare, ɗaya an ɗaura aure tana gidan ubanta.”

Ta ce, “Haka ne. To in gidan uban ya rushe fa?”

Na ce, “Gidan da ni nake gadinsa?”

Ta roƙe ni ta ajiye wasu a gefe saboda tsaro, na ƙi. Na zauna a kan turmi na sa ta goge su ɗaya bayan ɗaya a gabana, daga waya, daga kwamfuta, har daga kwandon sharar da aka ce kwamfuta tana ɓoye abu a ciki, don ni ba a yi mini wayo. Hoto huɗu kaɗai na yarda su tare a littafin: ni da babbar rigata ta Sallah a jikin bango, ni a kan babur, ni ina ɗaga yatsu tara, da ni dagaci yana miƙo mini hannu. Na ce waɗannan duniya ta gani, ba sirri a cikinsu. Sauran sittin da uku suka koma gidan Shuɗiya, Shuɗiya ta koma aljihuna.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga tsananin so. Aljihu yana hujewa, akwati ɓera yana shiga, ƙarƙashin katifa kuma matata Hure tana kakkaɓewa. Na yi tunani irin na manya, na ga duk abin da mutum yake tsoron rabuwa da shi a ƙasar nan, wurin baduku yake kai shi a ɗinke masa a fata ya ɗaura a jiki. Sai na nufi wurin Shago baduku, abokina tun muna kiwon awaki, na ce ya yi mini kambu.

Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, “Mai Inji, wane malamin ne ya ba ka wannan? Ban taɓa ganin laya da hula ba.”

Na ce, “Ɗinka kai dai. Abin da ke cikinta ya fi ƙarfin kanka.”

Ya cire hular ya miƙo mini don ta ƙi shiga, ya naɗe ta a jar fata, ya bi ta da basilla ɗinki biyu, har da ado a gefe. Aiki ya yi kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ɗaura a damtsen dama tun kafin ruwan farko.

Wata bakwai tana jikina. Da ita na yi shuka, da ita na yi noman farko da maimai, da ita na cire gyaɗa. Ranar kasuwar Ɗanbatta in na zauna a rumfar masu tiyo, sai in naɗe hannun riga in daki damtse in ce, “Duk injin da ke ƙasar nan, ga hanjinsa a nan.” A wurin suna na faɗa, a wurin ɗaurin aure na faɗa. Wani mutumin Dawakin Tofa injinsa ya ƙi tashi, ya roƙe ni in ɗora damtsen a kan tankin, na ɗora, ya ja igiya, inji ya kama. Mutum goma sun gani.

Da kaka ta yi, ƙungiyar manoman fadamarmu, mutum arba'in, suka zo har gida suka ce a buga musu littafin kafin a fara noman rani. Kowa ya san abin da ke faruwa in inji ya tsaya wa mai albasa ko mai tumatir kwana uku a tsakiyar rani: shekararsa ta tafi. Na ja musu rai kwana biyu, sannan na yarda a buga arba'in cif, kowane da sunan mai shi, kada ɗaya ya ƙetare zuwa Shanono.

Ranar Litinin da ta wuce muka ɗunguma shagon Malam Ikrima mai kwamfuta a Ɗanbatta, ni da Tahira da shugabannin ƙungiya, na sha babbar riga. Aka kawo reza aka farke kambu. Ikrima ya cusa ta. Muka kasa kunne muna jiran sallama. Ba ta ce “tulun” ba. Ya zare, ya hura mata iska, ya goga a riga, ya sake cusawa. Ya gwada kwamfuta uku. Jan idon bai ƙifta ba. Sannan ya fita ƙofar shago ya ɗaga ta sama, ya kira ni ya ce in leƙa. Na leƙa. Ta tsakiyar cikinta na hango sararin sama.

Ya ce, “Baba, sai haƙuri. Wannan ai ta daɗe.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun ranar da aka ɗinke ta. Ga inda basilla ta shiga, ga inda ta fita.”

Jama'a, wata bakwai gawa nake ɗauke da ita a damtse ina yi wa mutane barazana.

Duk da haka ban karaya ba, don ban saba ba. Na ce a buɗe littafin, ai da idona na sha ganin hotunan a ciki, ba yadda za a yi baƙo ya yi rani biyu yana zuwa gida bai bar ko takalmi ba. Tahira ma ta ce a duba, wataƙila a farkon aikin wasu sun tare ba da saninta ba. Sai Ikrima ya yi wa littafin binciken da ko a babban asibiti sai haka, kuma ina so a rubuta shi dalla-dalla don amfanin na baya.

Da farko ya duba nauyinsa. Ya ce littafin da ya haɗiye hoto sittin da bakwai ya kamata ya yi nauyi kamar buhun gero, wannan kuwa bai fi damin kara ba. Sannan ya bi shafi shafi. Inda duk hannuna ya kamata ya fito, sai farin akwati da 'yar jar alama a kusurwa. Daga nan ya buɗe wani wuri da littafin yake ajiye sunayen waɗanda yake aikawa a kira, sai ga su a jere, sittin da uku, kowanne an rubuta gidansu, kuma duk gidan ɗaya ne, ga shi kwance a tafin hannuna da huji a ciki. A ƙarshe ya ce saura abu ɗaya. Ya kwafi littafin, ya kwance kwafin kamar yadda nake kwance inji, ya shiga har ɗakin da hotunan da suka tare suke zama. A nan ba ƙarya, abin da ke ciki shi ke ciki. Ya ce, “Baba, biyar na gani.” Ni kuwa huɗu na sani. Na ce Allah ya sa na sil ne. Ya buɗe. Akuyar Hure ce tana cin kwalin sukari.

Marigayiya ta rasu ta bar miji ɗaya, wato littafin, mai shafi tamanin da takwas, yana nan da ransa amma ba ya gane kowa. Ta bar marayu sittin da uku, fararen akwatuna, kowanne a ƙarƙashinsa an rubuta “ka riƙe shi kamar yadda kake gani a nan”, kuma ba abin da ake gani a nan. Ta bar hotuna huɗu na wani dattijo mai kyan tsayi wanda ba ya gyaran komai a cikinsu. Ta bar akuya. Ta bar hularta, tana cikin gwangwanin noti, lafiyarta ƙalau. Ta bar manoma arba'in da injuna arba'in, ga rani yana ƙofa.

Iyalan mamaciya ba sa zargin kowa. Shago ya zo gaisuwa tun ranar Talata, ya tsuguna ya ce, “Wallahi Mai Inji na ji wani abu ya ce ƙas, na ɗauka ƙarfin layar ne.” Na yafe masa, don shekara sittin yana ɗinke takarda, ba wanda ya taɓa kawo masa mai hanji. Hure kuwa da ta kawo mini fura sai ta ce, “Malam, ka ce kada ɓarawo ya gani, to ga shi ko mai gidan bai gani ba. Tsaro ya yi kyau.” Tahira ba ta ce mini “ai na faɗa maka” ba. Tun ranar Litinin ba ta faɗa ba, kuma yadda take rashin faɗar ya fi faɗar ciwo.

Za a ce to a sake ɗauka mana, ai mai hannun yana nan. Yana nan. Amma tunda sanarwar mutuwa ce, ba a ƙarya a cikinta. Tun damina idona na hagu ya yi yana, na dama yana bin sa. Hannun kuma ya soma rawa, na ce wa mutane sanyi ne. Ranar Laraba na shimfiɗa buhu, na sa Tahira ta tsaya da waya, na ɗauki sifana. Noti ɗaya ya faɗi cikin ƙasa sau uku. A na ukun ita ta tsinto mini, ta mayar da wayar jaka. Hannun da ke cikin Shuɗiya shi ne hannuna na ƙarshe mai kyau, kuma ni na kai shi aka soke.

Ga tsarin jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a gindin darbejiyar ƙofar gidana inda nake aiki. Na tuntuɓi liman a kan salla, ya ce kada in soma, don haka babu. Za a sa ta a kwalin ashana, a mayar mata da hularta, a haƙa taƙi ɗaya. Mata za su iya tsayawa daga zaure, masu kuka su yi a hankali saboda kaji.

Kada kowa ya kawo goro ko hatsin gaisuwa. Mai mataccen inji ya ɗauko shi, mun fi son wanda ya fi lalacewa. Mai waya ya zo da ita da caji, kuma a wannan karon ban hana kowa ɗauka ba, ya tura wa wanda ya ga dama, har Shanono, har inda ya fi Shanono nisa. Malam Ikrima zai zo da kwamfutarsa ya zauna a inuwa. Duk hoton da aka ɗauka a saka shi cikin littafin ɗungurungum, kuma ba za a sauke tukunya ba sai ya zare duk abin da ke cushe a jikin kwamfutar, ya buɗe littafin a gaban jama'a, an ƙirga sittin da uku da ido.

Saura masu ɗaukar gawa, wato hannun da zai yi aikin. Duk direban da ke bin hanyar Shanono, ina roƙonsa ya tsaya a wurin mai allon nan ya karanta masa wannan sashe, kada ya tsallake komai. Lazarus, ubanka na sana'a yana kiranka. Ka zo ranar Asabar da kayan aikinka, ka wanke hannu, ka yanke farce, don za a gan su a gida arba'in. Ni zan zauna a kan turmi in riƙa faɗa, kai kana yi. Dabarun da ban nuna maka ba zan nuna maka a gaban kowa, in kuma ka riga ka gano su da kanka, ka yi kamar yau ka fara ji, akwai mutane. In ka gaishe ni zan amsa da baki.

Abu na ƙarshe ga duk masu halarta. In aka kai wani wuri kuka ga na yi shiru ina kallon ƙarfe, na daɗe ban ce komai ba, kada wanda ya yi tari, kada wanda ya dubi ɗan uwansa. Lazarus ya ci gaba da aikinsa, a ɗauki hoton, a rubuta a ƙasa cewa Nababa ne ya faɗa.